JAJIBEREN SALLAH: DAREN DA YARO BA YA MANTAWA



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya mana ranakun farin ciki a bayan ranakun ibada. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwana mata, iyayena da yayyena da ƙannena, nasiharmu ta wannan fitowa a kan dare ɗaya tak za ta tsaya, wato daren jajiberen Ƙaramar Sallah. Wannan dare namu ne mu mata. Mu ne a bakin murhu, mu ne a wajen kitso da lalle, kuma a hannunmu rabon yara yake. Abin da uwa ta aikata a wannan dare, na alheri ko akasinsa, yaro zai riƙe shi har ya yi furfura. Saboda haka ya kamata mu tsaya mu duba, shin yadda muke yi ya dace da abin da Allah da ManzonSa suke so?

JAJIBEREN DA MUKA TASO MUKA TARAR

Yaran yanzu a cikin zafi suka san Sallah. Ta shekarar 2025 ma a ƙarshen watan Maris ta zo. Amma mu da muka yi ƙuruciya a wajejen shekarar 2000, a tsakiyar hunturu muka san ta. A wannan shekara Ƙaramar Sallah ta faɗo ne a ƙarshen Disamba, ta 2001 kuma a tsakiyar Disamba. Dalili shi ne shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kimanin kwana 11, don haka Sallah take ja da baya tana zagaya damina da kaka da ɗari da bazara, sai bayan kimanin shekara 33 take komawa inda ta taso. Bisa wannan lissafi, in Allah Ya ba mu aron rai, a 2030 za a yi ta a farkon Fabrairu, a 2033 kuma za a yi ta sau biyu, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Kun ga ke nan Sallar sanyi tana nan tafe.

Duk wadda ta tashi a ƙasar Gumel, ko a cikin gari ko a Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, ta san yadda jajiberen sanyi yake. An gama kaka, gero yana rumbu, an kakkaɓe riɗi, ga sabuwar gyaɗa. Ranar Alhamis ɗin ƙarshe kafin Sallah iyayenmu maza su tafi kasuwar Maigatari, su dawo da yamma fururu da ƙura, ɗauke da dabino da goro da takalman yara da ɗan rake. A cikin gida kuwa tun kwana uku ake ta fama. A soya riɗi a yi kantu, a daka aya da gyaɗa a yi dakuwa, gidan da Allah Ya hore wa a yi nakiya da alkaki da dubulan da cincin. Da an sha ruwa sai yara su fita kallon yamma ko za su ga jinjirin wata, manya kuma su kasa kunne a rediyo suna jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Da zarar an ce an gani, gari ya ɗauka.

Daga nan sai a zagaye kaskon wuta. 'Yan mata an ƙunsa musu lalle an ɗaure ƙafa da tsumma, ga sanyin lallen ga na gari, haƙora suna kaɗawa amma babu mai yarda a kwance mata. Kakarmu, wadda muke kira Iya, Allah Ya jiƙanta, sai ta jawo faifai ta zauna rabo. Kafin ta taɓa komai sai ta ƙirga kawuna da ƙarfi kowa yana ji, har da almajirin da yake yi mana ɗiban ruwa. Kowa kantu biyu, dakuwa ɗaya, dabino uku. Ta ce a ci sauran yanzu, amma dabinon a ajiye sai da safe kafin a tafi idi. Sai da na shiga Islamiyya na gane ashe sunna take koya mana, domin Anas ɗan Malik (RA) ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa Manzon Allah (SAW) ba ya fita idin Ƙaramar Sallah sai ya ci dabino, kuma mara yake ci, ba cika ba.

FARANTA WA YARO IBADA CE

Akwai wasu daga cikinmu da suke ganin alewa da sabon kaya da wasan yara duk shirme ne, mai addini ba ruwanta da su. To 'yar uwa, ba haka Annabinmu (SAW) ya koyar ba. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin wata ranar idi da wasu 'yan mata biyu suke waƙa a ɗakinta, mahaifinta Sayyidina Abubakar (RA) ya shigo ya tsawata musu, sai Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya nuna masa cewa kowace al'umma tana da ranar bikinta, wannan kuma ita ce tamu. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

Haka nan an taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) tufafi, a ciki akwai wani ɗan ƙaramin mayafi baƙi mai ado. Sai ya sa aka ɗauko masa wata yarinya, Ummu Khalid, wadda aka haifa a ƙasar Habasha. Da hannunsa mai albarka ya sanya mata, ya yi mata addu'ar ta sa har ya tsufa, yana nuna adon yana yaba mata kyansa da kalmar Habashanci, harshen ƙasar da ta yi wayo a cikinta. Kuma Imamu Muslim ya ruwaito cewa idan aka kawo masa nunan fari na 'ya'yan itace, yakan yi addu'ar albarka, sannan ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaron da yake wurin.

Ke nan uwar da ta tsaya a bakin wuta tana soya cincin da niyyar faranta wa 'ya'yanta a ranar da Allah Ya halatta farin ciki, tana cikin lada. Abin da ake bukata kawai ta gyara niyya, kuma ta kiyaye amanoni guda uku da zan ambata.

AMANA TA FARKO: ADALCI A WAJEN RABO

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu a Sallar nan ta ƙarshen shekarar 2000. Mu bakwai ne yara a gidan. Shida 'ya'yan gida, ta bakwai kuma 'yar riƙo ce, 'yar ƙanwar babanmu da aka kawo daga wani ƙauye a yankin Sule Tankarkar bayan rasuwar mahaifiyarta. Babanmu ya yanko mana yadi iri ɗaya, an kai wa tela tun goman tsakiya. Daren jajibere, bayan sallar isha'i, yayanmu ya dawo da kaya shida. Tela ya ce aiki ya yi masa yawa, ɗaya sai bayan Sallah. Da aka kwance ƙullin, sai ga shi na marainiyar nan ne babu.

Mu dai muna ta murna muna gwadawa. Wata daga cikin matan gidan ta ce ai ba komai, ta sa na bara, yarinya ce me ta sani. Ita kuwa ba ta ce uffan ba, ta koma bayan ƙyaure ta zauna ta sa kai a gwiwa. Iya ta dubi babanmu ta ce, "Malam, gidan nan gobe ko dai kowa ya sa sabo, ko kuwa kowa ya sa wankakke. Zaɓi ɗaya." Babanmu ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, duk yadda kika ce haka za a yi." Muka fashe da kuka. Ba ta kula mu ba. Ta buɗe adakarta ta ciro wani turmin atamfa da ta daɗe tana ajiya, ta yafa mayafi, ta sa yayanmu ya riƙe mata fitilar ƙwai, suka tafi gidan wata maƙwabciya mai keken ɗinki cikin wannan uban sanyi. Ba su dawo ba sai da dare ya raba. Da safe mu bakwai muka fita da sabon kaya, kuma nata ya fi na kowa kyau.

Yau wannan yarinya uwa ce mai 'ya'ya biyar. Duk shekara sai ta ɗinka wa wani maraya kayan Sallah kafin ta ɗinka wa nata, kuma har gobe ba ta iya ba da labarin daren nan ba tare da hawaye ba. Ku duba fa, shekara 20 da ɗoriya. Da an bar ta a bayan ƙyauren nan, shi ma da tana nan tana tuna shi.

'Yan uwa, wannan ba ra'ayin tsohuwa ba ne kawai, hukuncin shari'a ne. Sahabi Nu'umanu ɗan Bashir (RA) ya ce mahaifinsa ya yi masa wata kyauta shi kaɗai, sai mahaifiyarsa Amratu 'yar Rawaha ta ce ba ta yarda ba sai Manzon Allah (SAW) ya shaida. Da aka je, Annabi (SAW) ya tambaya ko sauran 'ya'yan ma an ba su irinta. Aka ce a'a. Sai ya ƙi shaidawa, ya kira abin da sunan zalunci, ya yi umarni da a ji tsoron Allah a daidaita tsakanin 'ya'ya. Mahaifin ya koma ya karɓe kyautarsa.

To ina matar da take tura wa ɗanta cinyar kaza a ɗaki, ta ba ɗan kishiya ƙafa da wuya? Ina wadda take zuga maigida ya saya wa nata shadda, agola kuwa ko hula? Ina wadda 'yar aikinta ta kwana tana wanke-wanke da ruwan sanyi, gari ya waye ko ɗankwali ba ta samu ba? Mu tuna a cikin Suratul Ma'un Allah (SWT) Ya sanya tunkuɗe maraya da rashin kwaɗaitarwa a kan ciyar da miskini a cikin alamomin mai ƙaryata sakamako. Ɗa na kowa ne, kuma babu wadda ta san hannun da nata zai faɗa gobe.

AMANA TA BIYU: ALKAWARI DA KUƊIN YARO

A nan kam ni ma ban tsira ba. Wata shekara na ce wa ɗana, yana ɗan shekara tara, in ya kai azumi goma zan saya masa agogo ranar jajibere. Ya dage ya yi goma sha biyu. Ni kuwa hidima ta sha kaina, kuɗin suka tafi wajen kayan miya. Da ya tambaya na ce masa mai agogon bai fito kasuwa ba. Ya yi shiru, can sai ya ce, "Umma, Malam ya ce mana ƙarya tana rage ladan azumi. Har na manya?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A daren na ba shi haƙuri, na gaya masa gaskiya, bayan Sallah na cika masa.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir (RA) cewa wata rana yana yaro, Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidansu, mahaifiyarsa ta kira shi da cewa ya zo za ta ba shi wani abu. Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Dabino ɗaya fa! To yaya "yi shiru gobe zan kai ka Kano" da muke yi kullum? Abin da ba za ki iya ba, kada ki ɗauki alkawarinsa.

Sai kuma kuɗin barka da Sallah. Yaro ya sha yawo gidan kawu da goggo ya tara 'yan kuɗinsa, ya dawo mu ce "kawo in ajiye maka", shi ke nan an binne. Wannan kuɗi nasa ne, amana ce a hannunki. Iyayenmu na da sukan saya wa yaro kaza da shi, kaza ta yi 'ya'ya a sayar a kai ga akuya. Ki yi masa haka, ko ki sa masa a asusu yana gani. In kuwa larura ta sa dole ki taɓa, ki gaya masa rance ne, kuma ki biya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da uwarsa ta riƙe masa amana shi ne zai riƙe ta mutane.

AMANA TA UKU: YARAN MAƘWABTA

An farlanta zakkar fid-da-kai, wadda muke kira zakkar kono, a shekara ta 2 bayan Hijira. Sa'i ɗaya ne a kan kowane Musulmi, namiji da mace, babba da yaro, har da na goye. Sa'i shi ne mudun Annabi 4, kimanin kilo biyu da rabi zuwa uku. Gida mai mutum 10 zai fitar da mudun Annabi 40 ke nan. A lura, mudun Annabi daban yake da kwanon awo na kasuwa, wadda ba ta da shi ta tambayi malamai. Ana fitarwa ne daga abincin da ya fi rinjaye a gari, kuma mai littafin Risala, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, ya ambaci gero da dawa da shinkafa a cikin abubuwan da ake bayarwa. Ibnu Abbas (RA) ya bayyana hikimarta guda biyu, tsarkake mai azumi daga yasasshiyar magana da kuma ciyar da miskinai, sannan wanda ya bayar bayan an sauko daga idi, to sadaka ce kawai ya yi.

Ga inda mu mata muka fi maza sani. In aka kai wa bazawara mai marayu gero da safiyar Sallah, yaushe za ta surfa, ta wanke, ta kai niƙa, ta tuƙa? 'Ya'yanta sai la'asar za su ci tuwon Sallah, alhali na maƙwabta tun hantsi suke ci. Ya tabbata a Bukhari cewa sahabbai sukan bayar da kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah. Don haka ki tuna wa maigida tun ranar 28 ga wata, kuma ki auna a gaban yara, ki aike su su kai da hannunsu cikin ladabi, domin su tashi da sanin cewa Sallah ba ta cika sai maƙwabci ya ci.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda fulawa da sukari da mai suka yi tsada. Gidaje da yawa sun daina toye-toye. In Allah Ya hore miki, ki tuna ƙamshin suyarki yana tsallake katanga, kuma akwai yaro a can yana tambayar uwarsa abin da ba ta da amsarsa. Manzon Allah (SAW) ya yi wa Abu Zarri (RA) wasiyya cewa in ya yi miya ya yawaita ruwanta ya ɗiba wa maƙwabta. Ya kuma gargaɗe mu mu mata musamman, kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne. Haka kuma da Ummu Aɗiyya (RA) ta tambaye shi game da matar da ba ta da mayafin zuwa idi, sai ya ce 'yar uwarta ta ara mata. Kayan bara da suka yi wa 'yarki kaɗan, ki wanke ki goge ki kai tun kafin jajibere, a ɓoye, ba tare da gori ba.

Wadda kuma ba ta da shi, kada ta ci bashi don gasa. Hausawa sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Kantun riɗi da gyaɗa mai gishiri, in aka raba su da sakin fuska, sun wadatar. Nana A'isha (RA) wata mata ta zo mata da 'ya'ya mata biyu tana bara, ba a samu komai a ɗakin Annabi ba sai dabino ɗaya. Matar ta raba shi biyu ta ba 'ya'yan, ita ba ta ɗanɗana ba. Da aka ba Manzon Allah (SAW) labari, sai ya yi bushara da cewa wanda ya kyautata wa 'ya'ya mata, za su zame masa kariya daga wuta.

HATTARA A WANNAN DARE

1. Wuta. Wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi (SAW) ya yi umarni da a riƙa kashe wuta in za a kwanta, domin abokiyar gaba ce. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, yana fitar da wata iska marar launi marar wari mai kashe mutum yana barci.

2. Man suya. A nisanta yara daga kasko. In tsautsayi ya faru, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin na kimanin minti 20, sannan a tafi asibiti. Ban da shafa ƙwai ko man goge baki ko manja.

3. Baƙin lalle. Wanda ake haɗawa da rinin gashi yana sa wa wasu ƙuraje da ɗurar ruwa, har ya bar tabo. Jan lallenmu na gargajiya ya ishi yarinya.

4. Talla. Kada neman kuɗin kayan Sallah ya sa ki tura budurwa tasha ko bakin kasuwa har tsakar dare. Abin da za a rasa ya fi atamfa tsada.

5. Abin wasa. Bindigar roba mai harsashi da abin fashewa suna raunata ido da hannu, kada ki saya, kada ki bari a saya.

6. Yawon Sallah da kallon hawan Sarki. A haɗa ƙanana da manya, a koya wa kowane yaro sunan mahaifinsa da unguwarsu, kuma a dawo gida kafin magariba.

KAMMALAWA

Ya ke 'yar uwa, kada hidimar tukunya ta cinye miki daren gaba ɗaya har sallar isha'i da asuba su kuɓuce. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 185, Allah (SWT) Ya haɗa cika ƙidayar azumi da girmama Shi da gode maSa. Ki tara yaran ko na minti goma ne, ku yi kabbara tare, ki tuna musu da kakanninsu da suka riga mu gidan gaskiya a yi musu addu'a, ki sa su yafi juna. Sannan ki jawo faifai ki ƙirga kawuna, kuma kafin ki fara rabo ki leƙa bayan ƙyaure ki tabbata babu wanda aka manta.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan iyayenmu, Ya rufa wa marayu asiri, Ya ba mu ikon yin adalci a cikin gidajenmu, Ya maimaita mana cikin lafiya da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma nawa ne, Allah Ya yafe mini.